Gashin agwagwar Beijing a gida: me ya sa fatar ba ta yin ƙaras-ƙaras?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani su taimaka. Ana gasa agwagwa a obin, nama ya dahu lafiya lau, amma fata ta fito da laushi da danƙo kamar ganda. Ina sirrin irin ta 'yan Sin, wadda fatarta ke ƙyalli tana karyewa a baki?

Baba Mai Gashi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar tun kafin wuta take farowa. Muddin akwai danshi a fata, tururi za ta sha, ba za ta soyu ba.

Ki nemi agwagwa mai kilo 2 zuwa 2.5, a fige ta ba tare da an yaga fata ba. Daga wuya za ki raba fata da nama. A Beijing iska suke hurawa har ta kumbura, a gida famfon keke mai tsafta ya isa, ko ki zura yatsu a hankali ta ƙirji da cinyoyi. Amfaninsa kitse ya samu hanyar narkewa ya soya fatar ta ciki. Kada ki huda ta, don duk inda ta huje ruwan nama zai fito ya bar tabo.

Sai ki ɗora ta a kan raga, ki kwarara mata tafasasshen ruwa kamar lita 2, ciki da bai. Nan take za ki ga fatar ta ɗaure. Ki tsane ta, ki shafa haɗin cokali 2 na maltos (wani sukari mai kauri kamar zuma da ake yi daga hatsi), cokali 1 na ruwan khal da rabin kofi na ruwan zafi. Ta sha iska minti 30, ki sake shafawa. Daga nan firji, ba rufi, awa 24 aƙalla, 48 ya fi. Sai fatar ta bushe ƙayau kamar takarda tukuna ta ga wuta.

Anti Rabi:
Na yarda da Baba, sai dai a duba irin agwagwar. Tasu farar Pekin ce da ake ɗura wa abinci don ta tara kitse, a yanka ta tana da wata biyu da 'yan kwanaki. Tamu ta gida Muskobi ce, kitsenta kaɗan, kuma yawanci sai ta tsufa ake kai ta kasuwa. Ki zaɓi matashiya mai ƙiba, in ba haka ba nama zai bushe kafin fata ta yi.

In babu maltos zuma ta wadatar, amma ta fi saurin ƙonewa, ki rage zuwa cokali ɗaya da rabi. Giyar shinkafa da ake gani a wasu girke-girkensu kuwa a bar ta, fata ba ta buƙatarta. Kuma in wutar lantarki ba ta tsayawa, kada a rataye ɗanyen nama a zafin ɗaki ya kwana, zai lalace.

Baba Mai Gashi:
Gaskiya ne Anti. Saura wutar. Gidan abincin Quanjude na Beijing, da aka buɗe a 1864, rataye ta suke yi a buɗaɗɗen murhu da itacen 'ya'yan itatuwa, zafi ya zagaye ta ko'ina. A obin raga ce za ta maye gurbin ƙugiya, da tire mai ɗan ruwa a ƙasa don kada kitsen da ke ɗiga ya yi hayaƙi. Digiri 180 na Celsius, ƙirji sama minti 40, a juya minti 20, a sake juyowa a ɗaga zuwa 220 na minti 10. Bakin fiffike da ƙafa a naɗe su da foil. Tsakiyar cinya ta kai digiri 74.

Bayan an sauke kada a rufe, tururi zai mayar da aikin baya. Minti 10 sai yanka, a ci da siraran waina na fulawa, lawashi, kokwamba da miyar wake mai zaƙi.

Maman Hanifa:
Ashe shanyar ce ban yi ba. Allah ya saka da alheri. Gishiri fa, yaushe ake sa shi?

Anti Rabi:
Cikin ciki kawai, ƙaramin cokali 2, kafin ta shiga firji.