Zan sayar da gidana: fenti zan fara yi ko me?

Mai Gida a Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja, na yanke shawarar sayar da gidana in haɗa da abin da ke hannu in nemi wani can wajen Mararaba. Ciki da falo biyu ne da ɗaki ɗaya a soro. Shekara goma sha ɗaya muna ciki, yara sun yi masa abin da yara ke yi wa gida. Mai fenti ya zo ya yi lissafi, da na ji kuɗin sai da na nemi wuri na zauna. Uwargida ta ce a yi, wai ido ne ke sayen gida. Ƙanina ya ce asara ce, duk wanda ya saya zai sake nasa. Don Allah wanda ya taɓa sayarwa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, kafin fenti ka fara da hanci. Mu namu da ke Na'ibawa wata huɗu ana zuwa ana dubawa, kowa ya shigo sai ya ce "to, za mu yi waya", shiru kake ji. Ashe turken awakina ne. Yana nan daf da ƙofar shigowa tsakar gida, mu mun saba ba ma jin komai. Wata ƙawata ce ta zo barka ta ce mini, "Ke, tun daga soro ake jin gidan nan." Na ji haushi a ranar, amma washegari na kai awakin gidan yayata, muka kankare wurin, muka zuba sabon yashi. Na kwashe tsofaffin bokitai da karyayyen keken ɗinki da buhunan gawayi da suka cinye rabin tsakar gida, na sa yara suka yashe rariya. Sai ga fili ya fito, ni kaina na manta gidan yana da faɗi haka. Ranar da za a zo dubawa nakan ɗage labule, in buɗe tagogi, in sa turaren wuta kaɗan. Kaɗan fa, in ya yi yawa sai a ɗauka wani abu kike rufewa. Ba mu sayi ko gwangwanin fenti ɗaya ba.

Tsohon Dillali: Alhaji, na fi shekara ashirin ina kai mutane duba gida, bari in gaya maka yadda mai saye na gaske yake yi. Shi ba ya kallon inda kake nuna masa. Kana cewa "ga falo", shi idonsa yana kan silin yana neman tabon yoyo. Daga nan ya sunkuya ya duba gindin bango, ya sa farce ya karta, in filasta ta zubo kamar gari ya san gishiri ya ci ginin. Zai shiga banɗaki ya zuba ruwa ya tsaya ya ga ko yana wucewa. Zai tambayi inda sokawe yake da inda rijiya take, in sun yi kusa da juna sai ka ga fuskarsa ta canja. Wani ma da maginin sa yake zuwa, kana ta zuba bayani maginin yana can yana ƙwanƙwasa tayil da mukulli yana sauraron wanda ya yi holoƙo.

Kuma akwai zuwan da ba za ka sani ba. Zai dawo shi kaɗai bayan la'asar ya zauna wurin mai shayi ko majalisar ƙofar masallaci, ya tambayi yadda layin yake in an yi ruwa, da ko akwai rigima a kan gidan. Wannan ba fentin da zai gyara shi.

Kuɗin fentin nan raba shi. Kira kafinta ya hau ya canja kwanon da ya huje, ya sake falankin silin da ya yi tabo. A gyara famfon da ke ɗiga, a sa ƙwan fitila ko'ina, a zuba wa ƙyauren gida mai ya daina kuka. Ka biya bashin wuta ka ajiye rasit. Sannan ka zaɓi dillali ɗaya ko biyu, ku yi maganar la'ada tun farko. In ka watsa gidan a hannun mutum goma, kowa zai ɗora nasa a kai, mai saye ya ji farashi uku a kan gida ɗaya ya gudu.

Ɗan Rigasa: Ni nawa labarin na abin kunya ne, amma zan faɗa. Bangon ɗakin baya yana jiƙa duk damina, har ya yi baƙi. Da zan sayar, a watan Fabrairu ne, komai ya bushe ƙayau. Na sa aka shafe wurin aka buga fenti mai ƙyalli, na jingina durowa a jiki. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa ba. Ciniki ya faɗa, na karɓi kuɗi. Ruwan Agusta na sauka fentin ya kumbura ya dinga ɓarewa kamar ɓawon rogo. Mutumin bai kai ni kotu ba, gaban mai unguwa ya kira ni, ga limamin layin a zaune, ga waɗanda suka sa hannu a takardar ciniki. Liman bai yi dogon wa'azi ba, hadisin nan kawai ya karanto na cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ya ce ɓoye aibin kaya yana ba mai saye damar mayar da shi. Ni kuwa kuɗin na riga na zuba su a wani gini. Ƙarshe na ɗauki nauyin gyaran, aka fasa gindin bangon aka sake, aka yi magudanar ruwa ta baya. Abin da na kashe ya ninka abin da da na rage masa tun farko. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in canja layi.

Baban Yara: Allah ya kyauta, Ɗan Rigasa. Shi ya sa surukina ya ce shi ba ya duba gida sai an yi ruwa da daddare, da safe ya je da takalmin roba.

Autar Gida: Yaya, ba wanda ya yi maganar takardu sosai, mu kuwa nan muka sha wuya. Gidan gado ne a cikin gari, mu tara. Muka haɗa kuɗi aka gyara shi tsaf, mai saye ya zo ya yaba, aka daidaita. Ranar biya sai lauyansa ya ce a kawo takardar mallaka. Aka ɗauko, ashe har yanzu sunan wanda mahaifinmu ya saya a hannunsa ne a jiki, ba a taɓa canjawa ba, takardar cinikin kuma ta yi ɓatan dabo a cikin akwatin Baba. Ga ɗaya daga cikin yayyenmu yana Legas ya ce shi ba a yi shawara da shi ba, ba zai sa hannu ba. Kafin mu je kotu a tabbatar da rabon gado, mu nemo shaidu, mu lallashi Yaya, wata bakwai sun wuce. Mai saye ya daɗe da sayen wani, fentinmu kuma hunturu ya riga ya mayar da shi ja.

Ka fito da takardunka yau ka baje su a tabarma. In mai satifiket ne, ka sani dokar ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi sunan wani, kuma mai saye mai wayo zai je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, ya bincika fayil ɗin kafin ya ba ka ko sisi, har da kuɗin ƙasa da ake bin gidan. In kuma awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka shi ba, ka tanadi takardar mai unguwa da duk takardun cinikin baya, a jere.

Mai Shago a Sabon Gari: Ni fa ina bayan Hajiya uwargida, kada ku yi mata taron dangi. Yanzu kafin mutum ya tako ƙafa, hoto yake fara gani a WhatsApp ko Facebook. In get ɗinka ya yi tsatsa, katanga duk rubutun gawayi da fastocin 'yan siyasa, yatsa kawai zai sa ya wuce. Ni gaba kawai na yi wa fenti, da get, da falo, farin madara, ba kore shar ko ruwan hoda ba. Na ɗauki hoto da hantsi bayan an share. Wayata ba ta huta ba. Ɗakunan ciki ban taɓa su ba, na ce wa duk wanda ya zo ga su nan yadda suke.

Maman 'Yan Biyu: Na manta abu ɗaya. Ku sa wa dillali lokaci. Sau biyu yana faɗo mana da maza huɗu ana tsakar tuƙa tuwo, ga shanya a igiya, mu yi ta rububin neman mayafi muna cusa kanmu ɗaki guda. Daga baya maigida ya ce Asabar da Lahadi kawai, daga goma zuwa azahar, kuma a yi waya tukuna.

Mai Gida a Hotoro: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na sa kafinta ya hau sama, kwano uku ne suka huje a saitin kicin, ban taɓa sani ba sai da ya leƙo da hasken waya. Takardu na duba, sunana ne, amma akwai kuɗin ƙasa na shekaru da ban biya ba, ranar Litinin zan je. Mun yi sulhu da uwargida a kan get da falo. Saura tattabarun babban ɗana, ya ce in za a taɓa su sai dai a haɗa da shi a kai gidan kakarsa. Akwai wanda ya san mai kwasar sokawe a wajen Hotoro ko Tarauni da ba zai tsuga kuɗi ba?