Karaya mai muni a hatsarin mota: aikin da lauya da kamfanin inshora ke yi kafin a kai ga diyya

Sakataren tasha:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aikin shari'a, inshora da asibiti da ke cikinmu. Hiyas ta taso daga Tasawa, ta yi karo da babbar mota gab da shigowa Maradi. Fasinja ɗaya ya karye a cinya, ƙugu ya tsage, an yi masa aiki an sa ƙarfe. Dangi sun rabu biyu: wasu na cewa a ɗauki lauya a tafi kotu, wasu na cewa a karɓi abin da kamfani ya bayar a huta. Kowa ya faɗi abin da yake gani a wurin aikinsa.

Lauya:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Nijar na aiki da kundin dokar inshora na CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da harkar inshora, kundin da ya fara aiki a 1995. Kundin ya tilasta wa kamfani ya gabatar da tayin diyya cikin wa'adin da aya ta 231 ta yanka, kuma sai wa'adin ya cika ba a daidaita ba ake kai ƙara. Ke nan watannin farko lauya ba da alƙali yake aiki ba, da mai riƙe da fayil a kamfani yake.

A fara da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Fasinja, kamfanin da ya yi wa motar da yake ciki inshora ne ke jagorantar tayin, ko da babbar motar ce mai laifi. Kamfanonin biyu su yi lissafinsu daga baya, ba ruwan majinyaci. Mai tafiya a ƙasa kuwa, na motar da ta buge shi ne. Kuma ba a cewa fasinja ya yi ganganci a rage masa kuɗi. Direba ne kawai laifinsa ke cin rabonsa.

Tsohon jandarma:
Metir, ka tsallake takardar binciken hatsari, alhali nan fayil ke kwana. Doka ta ce a aika wa kamfanonin inshora kwafinta cikin wata 3. Abin da ke ɓata ta ƙananan abubuwa ne. Ana kwashe masu rauni kafin jami'ai su iso, sai sunan wani ya faɗi daga jerin. Ko a rubuta sunan da aka fi saninsa da shi a tasha, kardante kuma na ɗauke da wani daban. Ko lambar mota ta zo da harafi ɗaya ba daidai ba. A tura mutum cikin makon farko da kardanten majinyaci, ya duba suna, lambar motocin biyu da lambar takardar inshorar kowacce. Gyaran suna kafin a rufe takarda aikin minti biyar ne, bayan ta tafi sai zirga-zirga.

Mai riƙe da fayil a kamfanin inshora:
Gaskiya ne, Baba. Mu ba ma gudun lauya. Fayil ɗin da ke da lauya mai amsa wasiƙa ya fi saurin fita, don takardu na zuwa a haɗe. Wanda ke wahalar da mu shi ne na dillali: yau ordinas ɗaya, bayan wata biyu hoton ƙashi, babu wanda ya san inda takardar likita ta farko take.

Ga abin da mutane ba su cika sani ba. Aya ta 258 ta ba majinyaci damar ya nemi kamfani ya ba asibiti takardar lamuni ta ɗaukar kuɗin magani. Sai an nema a rubuce. Dangi kan sayar da gona ko shanu kafin wani ya tuna da ita. Sai dai akwai iyaka: abin da ake biya ba ya wuce ninki biyu na farashi mafi tsada a asibitocin gwamnati. Wanda ya ɗauki majinyaci ya kai kilinik mai tsada, ko ya tsallaka da shi Katsina ko Kano, ya san ragowar daga aljihunsa za ta fito.

Rasit kuma, kowane ya zo da sunan majinyaci, kwanan wata da hatimin farmasi, a haɗe da ordinas ɗinsa. Maganin da aka saya a tebur bakin ƙofar asibiti ba mu da inda za mu rubuta shi.

Likitan ƙashi:
Ni dai roƙona ɗaya, kada a sace shi da dare a kai wa maɗori. Ban raina sana'arsu ba, amma maɗori ba ya rubuta takarda. Idan ƙafa ta haɗe a karkace, likitan da kamfani ya naɗa zai tambaya: hatsari ne ya kawo wannan, ko ɗauri? Daga nan gardama ta samu.

Kuɗin gaske yana cikin ranar da likita ya ce ciwo ya tsaya, wato ba zai ƙara gyaruwa ko lalacewa ba. A ranar ake auna naƙasa da kashi cikin 100. Cinyar da aka sa wa ƙarfe ba a yi mata wannan hukunci a wata 2 ko 3. Sai ƙashi ya haɗe a hoto, an yi gashi da motsa jiki, an ga iyakar abin da zai dawo. Ranar awo ana kwantar da shi, a auna tsawon ƙafafun biyu da tef daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, a lanƙwasa gwiwa a ga digiri nawa take kaiwa, a ce ya taka, ya tsuguna. Mutanenmu akwai cije haƙora. Ka tambayi dattijo ciwo, ya ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali a zaune yake sallah. Ya faɗi haka ɗin: ba ya iya sujada, ba ya iya hawa babur, ba ya iya sunkuyawa da hauya.

Lauya:
Likita ya taɓo inda haɗin kai ke da amfani. Kamfani na sanar da ranar awo aƙalla kwana 15 kafin ta zo, majinyaci na da damar zuwa da nasa likitan, rahoton kuma a ba shi cikin kwana 20. Idan likitocin biyu suka saɓa, ɓangarorin su amince da na uku. Kada a raina kashi ɗaya, don doka ta kafa matakala: asarar hanyar abinci ta dindindin sai naƙasa ta kai kashi 50 ake biyanta, kuɗin mai kula da majinyaci sai ta kai kashi 80. Tsakanin 48 da 50 akwai rayuwar iyali.

Kafin ciwo ya tsaya, lauya ya nemi kason farko na diyya na wucin gadi, a rubuta ƙarara cewa ba na ƙarshe ba ne. A saka kuɗin cire ƙarfe nan gaba cikin lissafi ma, da ra'ayin likita. Ana yawan mantawa da shi.

Hajiya mai lissafin albashi:
Metir, ɗan kasuwa ne fa, ba ma'aikaci ba. Kwanakin da ya kwanta ana biya idan sun wuce 8. Mai albashi ya kawo takardun albashin wata 6 na baya, mai kasuwanci takardun harajin shekara 2. Wanda bai da ko ɗaya sai a lissafa masa da mafi ƙarancin albashi, jaka 42 a wata tun 2024. Alhajin da ke juya miliyoyi a Babbar Kasuwa ba takarda, a idon fayil daidai yake da lebura. A nemo rasit ɗin fatanti, wato harajin kasuwanci, tun yanzu.

Sakataren tasha:
Madalla. To, wani ya zo asibiti ya ce a ba shi wakilci, zai karɓo kuɗin ya cire nasa. Yaya ke nan?

Mai riƙe da fayil a kamfanin inshora:
Kada a sa masa hannu, Malam Sakatare. Ko da lauya na gaskiya ne, cak da sunan majinyaci ake rubuta shi. Ladan lauya a yi shi a rubuce tun farko, a gefe. Idan tayi ya zo, a nemi a warware shi layi-layi: magani, kwanakin kwanciya, naƙasa, raɗaɗi, tabo. Dunƙulallen adadi ba ya nuna abin da aka tsallake. Bayan sa hannu akwai kwana 15 na janyewa idan tayin bai bi doka ba, da wasiƙa mai shaidar karɓa, ba da kiran waya ba. Daga nan kamfani na da wata 1 ya biya, in ya makara akwai tarar jinkiri. Idan akwai yaro cikin masu raunin, ba a rufe nasa sai iyayensa sun amince, in ba su da rai kuma alƙalin marayu ko majalisar dangi. Turo mini lambar motocin biyu da ranar hatsarin, in faɗa maka takardun da za a fara tarawa gobe.