Safayar Hilux don hanyar yashi: wace iri, kuma a ina za a ɗaure ta?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Na sayi Hilux ta hannu don shiga ƙauyukan arewacin Yusufari sayen riɗi da ƙaro. Tayoyin ƙasa huɗu 265/70R16 ne, amma da na leƙa ƙarƙashin bodi sai na ga safayar 205R16 ce, siririya, kuma duk gefenta ya tsattsage. Wanda ya sayar mini ya ce ai safaya safaya ce, ta kai ka wurin mai faci kawai. Ku da kuka san hanyar, me kuka gani?

Mai faci, Gashuwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan maganar ta mutanen gari ce, inda kowace kwana akwai mai faci. In ka bar kwalta ka nufi wajen Tulo-Tulo, wane mai facin za ta kai ka? Safayar ce za ta dawo da kai gida da lodi a baya. Tsakanin 205R16 da 265/70R16 akwai bambancin tsayi kusan santimita huɗu. Ka sa ta a gefe ɗaya, motar ta karkace, kuma in ka shiga giyar ƙafa huɗu aksul ne zai sha wahala, don ƙaramar tana juyawa fiye da 'yar'uwarta. Ka nemo irin na ƙasa, lamba ɗaya.

Oga makanike: Ƙari a kan haka, kar ka tsaya kan tayar kaɗai, ka duba rim. Hilux noti shida take, Prado ma haka, amma Land Cruiser ɗin nan mai buɗaɗɗen baya ta wannan zamanin noti biyar ce. Na sha ganin mutum ya sayo rim a kasuwa don yana da kyau, bai taɓa gwada shi ba sai ranar da ta ɓaci. Ko ramukan sun yi daidai, wani rim ɗin yana gogar birki. Ka ɗaura shi a ƙafar gaba tun a gareji, ka juya da hannu, ka ji ko yana taɓa wani abu. Kuma na ƙarfe nake so a daji. In ya lotse ana buga shi da guduma ya riƙe iska, na alminiyan tsagewa yake yi, shi ke nan.

Baban Ummi: To ta gwanjo fa? Na ga 'yan Beljiyam masu zane kamar sababbi, kuɗin bai kai rabin sabuwa ba.

Mai faci, Gashuwa: Zane ba shi ne shekaru ba, ranka ya daɗe. A gefen taya akwai inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Ni in ta haura shekara shida ba na ba mutum shawarar ya shiga daji da ita. Da yawa daga 'yan gwanjon nan ma tayoyin sanyi ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jiki ko zane sirara-sirara. Robarsu laushi gare ta, zafin watan Afrilu a Yobe cinye ta yake yi. Ka nemi mai LT a lambarta, wato tayar ƙananan motocin lodi, ko wadda muke kira mai fulai takwas ko goma. Gefenta kauri gare shi, kuma abin da ke kashe taya a can ba ƙusa ba ne, kututturen da aka sare ne da ƙayar aduwa, gefe suke hudawa. Hujin gefe kuwa ba a yi masa facin da za a amince da shi.

Direba daga Agadas: Gaisuwa ga manya. Mu nan in za mu Dirku ko Bilma ba mai tashi da safaya ɗaya, biyu ce ƙa'ida, da tib guda biyu ko da tayoyinka tubles ne. In gefe ya huje ka yi faci daga ciki, ka zura tib, ka lallaɓa. Amma abin da na shigo in faɗa shi ne wurin ajiya. Wata shekara ina tuƙa Hilux, ƙafar baya ta fashe a cikin rairayi mai laushi, motar ta zauna har bodi. Safaya tana ƙarƙashi, kwance a kan yashin, ba inda za ta sauka. Da ni da yaron mota muka yi ta tono da shebur da hannu tun bayan azahar, da muka samu wuri kuma sarƙar da ke riƙe da ita ta ƙi warwarewa, ƙasa ta cika injin sauke ta. Sai da muka zuba mata baƙin mai muka yi ta bugu. Ruwan shanmu ya yi ƙasa sosai a ranar, kuma akwai mace da jariri a motar. Tun daga nan, da na bar kwalta nake ciro ta in tsayar da ita a cikin bodi, jikin kan mota, in ɗaure da bel.

Hajiya Maman Sadik: Direba, Allah ya kiyaye gaba. Ni ina bin motar aikin rigakafi ƙauyuka, direbanmu a kan kariyar saman mota yake ɗora tasa. Ba ta fi sauƙi ba, tunda Alhaji yana buƙatar bodin don buhuna?

Direba daga Agadas: Hajiya, tana ba da wuri, amma taya da rim na ƙarfe sun haura kilo talatin. Nauyi a sama shi ke sa mota rinjaya in ana gangaren tudu a karkace. Sauke ta ma mutum ɗaya sai ya jefo ta, ta yi tsalle ta gudu ko ta karya ƙafar wani. In dole ne, ta biyun a sama, a kwance, a tsakiya, a ɗaure ta ta ramin rim. Ta farkon tana inda hannu zai kai.

Oga makanike: Buhu biyu za ta ci maka a bodi Alhaji, ka haƙura da su. Sannan jak. Na kamfani nutsewa yake a yashi, ka yanki katako mai kauri, faɗin taku ɗaya, ka riƙa dasa shi a kai. Ka gwada sifanar taya a kan notocinka yau, masu ɗaurewa da injin iska suna matse su har sai an sa bututu. Ga kuma famfo mai aiki da batir da geji, don a yashi za ka rage iska zuwa wajen 18 a geji, in ka hau kwalta da lodi a haka tayar zafi za ta yi ta fashe.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na fita na gwada sauke ta a ƙofar gida. Sandar da ake zurawa a juya sarƙar ma babu ita a motar, kuma lambar jikin tayar 4112 ce.

Mai faci, Gashuwa: Ta 2012 ke nan. Kar ka sa mata iska ma, Alhaji, ka kawo motar a ciro ta. Sandar ana samu wurin masu kayan Hilux na hannu, ka sayi biyu, ɗaya ta zauna bayan kujera.