Ɗakin taron garinmu: wane tarihi za mu rubuta a bango?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Wurno, bakin fadamar Rima. Ba zan kama suna ba don maganar da ɗan zafi yanzu. Muna da ɗakin taro da muka gina da karo-karo. Masu albasa da tafarnuwa suka ba da buhu-buhu, 'yan garin da ke Legas da Fatakwal suka sayi kwano, mu matasa muka yi gayya. Nan ake rigakafi, nan ake rabon taki, da dare a tayar da janareta a kalli ƙwallo. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙurya, ba komai ciki sai karyayyun bencina da tsohuwar lasifika.

Bara da damina kakana na wajen uwa ya rasu. Shi ne in an zauna zai jero maka masu garin ɗaya bayan ɗaya, ya ce wane a zamaninsa aka yi fara, wane shi ya haƙa rijiyar masallaci. Bayan sadakar bakwai muka sauko da gafakarsa. Ina buɗewa sai ƙasa ta zubo mini a cinya. Gara ta gama da takardun, sai gefe-gefe, inda ake ɗan ganin jan tawada. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Shi ya sa na kawo shawara a mayar da ɗakin nan wurin ajiye tarihin gari, kowa ya ce madalla. Da aka zo batun abin da za a rubuta a bango sai rigima ta tashi. Gidan mai gari sun ce kakansu ya kafa garin, tare da Sarkin Musulmi Bello ya zo. Mutanen bakin gulbi sun ce ko da aka zo an tarar da su suna su. Baba Liman ya ce a bar kaza cikin gashinta. To ya zan yi?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Ɗana, kada ka yi saurin ƙaryata kowa, don mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa. Muhammadu Bello ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya mayar da Wurno ribaɗi don tsare iyaka daga harin Gobirawa, can ya rasu, can hubbarensa yake. Siyasarsa ce ya zaunar da Fulani makiyaya a gari, ya naɗa wa wuri shugaba. To wanda aka naɗa, jikokinsa cewa za su yi shi ya kafa gari. Wanda aka tarar yana kamun kifi shi ma bai yi ƙarya ba. Kafa sarauta daban, fara zama daban.

Rubutacce kuwa akwai inda za ka nema. Ka fara da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kusa ce gare ka. In ka samu kuɗin mota ka wuce Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sun bi gunduma-gunduma suna ƙidaya saboda haraji da jangali, suna rubuta sunayen garuruwa da masu riƙe da su. Sai dai ka sani, abin da hakimi ya gaya wa tafinta shi Bature ya rubuta, ba aya ba ce. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya kuma ambaci garuruwan da ya ratsa. A duba, ko Allah zai sa.

Bagobirar Tsibiri:

Malam, Allah shi gafarta, na ji an ce "harin Gobirawa" sai na yi dariya. Mu nan Nijar ba haka munka ji ba. An ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, 1808, an kashe mana sarki a yaƙin Gawakuke 1836, waɗanda sunka tsira su ne sunka kafa Tsibiri. Kun ga abin da kuke kira hari, kakata neman gida take kiransa. Ƙanena, shawarata ɗaya ce: kai namiji ne, ba ka shiga cikin gida. Ka sami ƙanwarka ko matarka ka ba ta waya ta zauna da tsofaffin mata. Waƙar niƙa da kirarin aure suna riƙe da sunayen da zaure ya manta.

Mai Solar:

Ni dai ta fannina. Kada ka karɓi takardar kowa ka ajiye a ɗakin nan, in ta lalace kai za a kama. Ka ɗauki hoto shafi-shafi a inuwa, ka mayar wa mai ita. Murya kuma kwafi uku, ɗaya a wajen gari. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san dalili. Kantar ajiyar kaya kuwa ta zama ta ƙarfe, nesa da bango.

Ɗan Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Bagobira, na bi maganarki. Jiya ƙanwata ta je wurin Inna ta bakin gulbi, wai minti goma za ta yi, sai da aka kira magariba. Tsohuwa ta rera wata waƙar daka, a ciki har da sunan mai gari na fari, kuma ashe 'yar masunta ya aura. Na kai wa Baba Liman ya saurara sau biyu, bai ce uffan ba, sai ya ce in dawo da wayar ranar Juma'a bayan an sauko, zai kira duka gidajen biyu. Bangon dai mun shafa masa farar ƙasa, ba mu rubuta komai ba tukuna. Malam, takardun Kaduna sai mutum ya je da wasiƙa, ko haka nan ake shiga?