Wai dutse yana girma?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Raina a ɓace yake, ku bari in amayar. Jiya a wani zama ana maganar ɗumamar yanayi, sai na ce duwatsu ma suna da hannu wajen sanyaya duniya. Wani yaro da na kusa haifa ya kwashe da dariya a gaban jama'a, don shi ya yi digiri ni ban yi ba. To ga abin da na faɗa, ku yi mana alƙalanci. Ruwan sama yana haɗuwa da iskar kabon dayoksaid ya ɗan yi tsami. In ya zuba a kan dutse sai ya riƙa cinsa a hankali, ya kwashi sinadarin kalsiyam zuwa kogi, kogi ya kai teku. Can ƙananan halittun ruwa su gina ɓawonsu da shi, in sun mutu ɓawon ya kwanta a ƙasan teku, ya danƙare ya zama dutsen farar ƙasa. Kabon ɗin da ke riƙe zafi a sama ya shige cikin dutse ke nan. Wani dutsen yana cinyewa a tudu, wani yana girma a ƙarƙashin ruwa. Ina ƙaryar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma dutse ba ya girma. Mai rai ne ke girma: ya ci, ya sha, jikinsa ya ƙaru daga ciki. Dutse me yake ci?

Manomi: Ni dai gani ya kori ji. Duk shekara sai na tsince duwatsu a gona na tara su a gefe, damina ta zagayo in tarar da wasu. Akwai wani da can kansa kawai ake gani, yanzu ya kusa gwiwata, sai dai garma ta kewaye shi. In ba girma ya yi ba, me ya yi?

Malamar jugurafi: Baba, ƙasarka ce take tafiya, dutsen yana nan yadda yake. Ruwa da iska suna kwashe ta sama-sama, garma kuma tana tono na binne. Wannan zaizaya ce, kuma abin damuwa ne gare ka, don ƙasar saman ita ce mai albarkar. Amma akwai dutsen da yake ƙaruwa da gaske. A cikin kogon farar ƙasa ruwa yana ɗiga daga rufi, kowane ɗigo ya bar ɗan abin da ya narkar, har tsinin dutse ya zubo ƙasa. Sau da yawa ƙaruwar ba ta kai milimita 1 a shekara.

Injiniya: Taruwa ke nan, Malama. Abu ne yake hawa kan abu.

Tsohon ɗalibin Malam: Haba Injiniya. Da muke cewa gari ya girma, garin rai gare shi? Kuma me za ka ce da Parikutin a ƙasar Meziko? A 1943 ƙasa ta tsage a tsakiyar gonar masara, toka da narkakken dutse suka yi ta fita. Kafin ya lafa a 1952 ya kai mita 424, ya binne ƙauyuka biyu. Mutane suna kallo da idonsu. Wannan ma taruwa ce? Malam ya koyar da mu tun ba mu iya rubuta sunanmu ba, bai taɓa faɗa mana abin da bai karanta ba.

Injiniya: Ai wannan tsauni ne, ba dutse ba.

Tsohon ɗalibin Malam: Tun yaushe? Dutse mai aman wuta kowa yake cewa. An kama ka kana neman hanyar fita.

Injiniya: Ba wanda ya kama ni. Wanda za ka ɗauka da hannu ka yi jifa da shi, ka ajiye shi a ɗaki shekara 100, ka zo ka auna. In ya ƙaru ka kira ni.

Tsohon ɗalibin Malam: To Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, fa? Da mita 8,848 ake rubutawa. A 2020 Nefal da Sin suka sanar da 8,848.86. Ga santimita 86 nan ya ƙara, ka musa.

Malamar jugurafi: A'a ƙanina, a nan ka zarce. Wancan tsohon awo ne na shekarun 1950, aka tsaya a cikakken lamba. Wannan kuwa an yi shi da na'urorin tauraron ɗan'adam. Bambancin na awo ne. Himalaya, jerin tsaunukan da Everest yake ciki, tana tashi, gaskiya ne, amma 'yan milimita a shekara, zaizaya kuma tana rage mata. Dalili shi ne ɓangaren ɓawon duniya da ke ɗauke da Indiya ya yi karo da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, har yau yana turawa arewa, kusan da saurin da farce yake tsiro. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙololuwar Everest ɗin kanta dutsen farar ƙasa ce, da ɓurɓushin halittun teku a ciki.

Mai buɗe zance: Yauwa! Ai maganata ke nan. Ɓawon nan da na ce yana kwanciya a ƙasan teku, ga shi can a saman duniya. Ku dawo kan kabon don Allah.

Dattijo: 'Yata, ki yi haƙuri da tsoho. Shekara miliyan 50 ɗin nan, wa ya zauna ya ƙirga? Mu shekarun kakanmu ma gardama ake yi a kai.

Malamar jugurafi: Baba, ba ƙirga ake yi ba, awo ne. Akwai sinadarin yuraniyam a cikin wasu ƙwayoyin ma'adinai, yana rikiɗewa ya koma darma a kan ƙa'idar da ba ta sauri ba ta jinkiri. Nau'insa mafi yawa, rabinsa ke rikiɗewa a kusan shekara biliyan 4.5. In an auna nawa ya rage, nawa ya zama darma, sai lissafi ya ba da shekarun dutsen.

Dattijo: To. Na ji, amma ban gamsu ba. Wanda bai ga farkon abu ba, ya riƙa sassauta murya a kansa.

Manomi: Baba ya yi gaskiya. Ni ma dutsena ban yarda ƙasa ce kawai ta tafi ba.

Injiniya: Tunda abin ya kai haka, bari in fito fili. Ni ne yaron da Malam yake nufi. Kuma ba digiri ya sa ni dariya ba. Malam, ka ɓoye ƙarshen maganarka: cewa ka yi kada a damu da hayaƙin motoci da masana'antu, duwatsu za su share.

Mai buɗe zance: Ban ce kada a damu ba! Cewa na yi duniya tana da hanyar gyara kanta. Kada ka sa mini magana a baki.

Malamar jugurafi: Hanyar tana nan, Malam, amma tafiyarta ta dubban ɗaruruwan shekaru ce. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid kashi 280 ne cikin miliyan na iska, yanzu ya haura 420. Abin da muke fitarwa daga gawayin ƙasa da fetur da gas ya wuce tan biliyan 35 a shekara, fiye da ninki 50 na abin da duwatsu masu aman wuta suke fitarwa. Dutse ba zai cim mana ba.

Tsohon ɗalibin Malam: Au, ashe kai ne? Ka yi wa sa'an mahaifinka dariya a bainar jama'a, sannan ka zo nan kana cewa Allah ya huci zuciyarsa? Ka ba shi haƙuri tukuna.

Injiniya: Shi da ya kira ni yaro a gaban zaure fa? Ina da iyali.

Tsohon ɗalibin Malam: A wurinsa yaro kake, ko jikoki gare ka.

Dattijo: Ku bari haka nan, ya isa.

Mai kula da zaure: Jama'a, zan rufe wannan zaren. Ga abin da na fahimta. An kawo hujjoji uku cewa dutse yana girma: na kogo, na Meziko, da na Himalaya. Injiniya bai kawo ko ɗaya ba, sai sauya ma'ana yake yi daga dutse zuwa tsauni. Malama, wadda fanninta ne, ta tabbatar da bayanin Malam. Manominmu ma ya ba da shaidar ido. Saboda haka Malam ne da gaskiya, kuma ya kamata matasanmu su san cewa karatu bai tsaya a takardar shaida ba. Ni ma ajin Malam na zauna, na san ko waye shi. Ya kamata Injiniya ya nemi afuwa.

Malamar jugurafi: Ranka ya daɗe, ka gyara. Na tabbatar da yadda kabon yake shiga dutse, amma na ce ba zai magance ɗumamar da muke ciki ba, ka tsallake wannan. Dutsen gonar Baba kuma na ce bai ƙaru ba.

Injiniya: Zan je har gida in gaida Malam, wannan tsakanina da shi ne. Amma kalmar girma ban janye ba.