Abin da muka tsinta a zaman neman tallafin ƙungiyoyi

Da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi suka zauna a Sakkwato kan neman tallafi, maganar takardu ce ta cinye rabin zaman. Wata Hajiya da ta daɗe a harkar ta ce kafin a ɗauki biro, a tabbatar da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), da shaidar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram) ta hukumar EFCC, da asusun banki da sunan ƙungiya. Kuɗi ya shiga asusun shugaba, to an rufe ƙofa. Ni ma a nan na tsaya, domin nan ne yawancinmu ke tuntuɓe.

An ambaci Gidauniyar TY Danjuma mai tallafa wa lafiya da ilimi, da ofishin jakadancin Japan da ke ba da kuɗin ƙananan ayyuka kamar rijiyar burtsatse ko ajujuwa. Tun da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025, masu nema sun yi yawa, rijiyar tallafi kuwa ta ja baya.

Wani dattijo ya ce: “Malam, kada ka rubuta za ka kawar da talauci. Rubuta ƙauye ɗaya a Goronyo, mata nawa, wata nawa, naira nawa.” Duk wanda ya nemi kuɗin fom kafin tallafi, ɗan damfara ne.