Katin tarot ɗin Faruk: karta ce ko duba? Muhawarar da ta tashi a guruf ɗin gida

Goggo Asabe: Salamu alaikum 'yan gida. Ni dai kun san ban cika magana a nan ba amma yau dole ce ta sa. Jiya na je Tudun Wada gaida Inna, na shiga ɗakin Faruk zan yi la'asar, ina ɗaga darduma a kan durowa sai ga kwalaye har biyar a jere, ɗaya a buɗe. Karta ce amma ba irin wadda muka sani ba, doguwa, ga hoton ƙwarangwal a kan farin doki, ga wani an rataye shi ta ƙafa kansa a ƙasa, ga wani mai ƙaho. Wallahi kasa sallar na yi a ɗakin na koma falo. Faruk ka fito ka yi wa iyayenka bayani, ban ce kai boka ba ne amma hankalina bai kwanta ba.

Faruk: Wa alaikumus salam Goggo, Allah ya huci zuciyarki, da kin kira ni ma da na zo har Bolari na miki bayani. Sunansa tarot, kuma kwali biyar ɗin nawa ne ban taɓa ɓoyewa ba. Tarawa nake yi saboda zanen, kun san sana'ata, katin biki da kalanda da tambarin shago nake zanawa, dole na riƙa kallon aikin waɗanda suka iya. Abin da nake so kowa ya gane shi ne tarot asalinsa karta ce ta wasa kamar yadda ake buga whot a majalisa. A arewacin Italiya aka fara shi wajen shekarun 1440, a gidajen masu sarautar Milan da Ferrara, ana zana musu da hannu har da ruwan zinare, kuma wasa kawai suke yi da shi. Sama da shekara 300 aka yi ba wanda ya ce yana faɗin gaibu. Har gobe a Faransa buga shi ake yi mutum huɗu, suna da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1973 har gasa suke yi. To ni a ganina ajiye shi ba duba ba ne.

Hamma Bello: Ƙanina wannan tarihin da ka zubo ko da gaskiya ne bai amsa tambayar Goggo ba. Yau ɗin nan idan aka ce tarot me mutane suka sani? Ka shiga TikTok ka gani, mace ce zaune da kyandir tana baje kati tana ce maka wanda kake so zai dawo. Ba wanda ya san wata Milan. Abu kuma da yadda ake amfani da shi ake masa hukunci.

Faruk: Hamma to ai wuri ma kuɗi ne a da, da shi kakanninmu suka yi ciniki a kasuwa, daga baya masu duba suka ɗauka suna watsawa. Yanzu duk matar da ta sa wuri a adon kai ko a jikin ƙwarya sai a ce boka ce? Yashi ma da shi ake bugun ƙasa, da shi kuma muke gini. Maganar dubar nan wani Bafaranshe ne mai suna Court de Gébelin ya taso da ita a 1781, ya kalli katin ya ce wai sirrin bokayen tsohuwar Masar ne aka ɓoye a ciki, ba hujja ba komai, a lokacin ma ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunonin. Sai wani mai kiran kansa Etteilla ya mayar da abin hanyar cin abinci, ya buga littafin yadda ake duba da shi har ya fitar da nasa katin. Ƙarya aka ɗora wa katin daga baya.

Hamma Bello: Wuri yana da wani amfanin da kowa ya sani. Wannan fa a Gombe wa za ka samu ya buga maka shi a matsayin karta? Ko kai ka iya wasan?

Faruk: Na karanta dokokin amma ban taɓa bugawa ba, ba abokan yi.

Hamma Bello: To ka gani.

Bappa Sani: Bismillah. Faruk ɗana na karanta duk abin da ka rubuta, kuma na ji daɗi da ba ka yi ƙarya ba ka ce naka ne. Amma ka saurare ni da kyau. Allah ya ce a Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, mutum zai yi tafiya ko aure sai ya zaro ɗaya, in ta ce yi ya yi, in ta ce bari ya bari, kuma a Suratul Ma'ida aya ta 90 an haɗa su da giya da caca da gumaka aka ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, a nisance su. Ka lura da kalmar, nisanta aka ce, ba a ce ka ajiye a durowa kar ka yi amfani da su ba. Zaro kati daga cikin kwali don a ji me zai faru da zaro kibiya daga jaka ni ban ga bambanci ba. Sannan hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a kwana da kayan aikinsa a ɗaki.

Faruk: Bappa Allah ya ƙara girma, duk wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ni ban taɓa yarda takarda ta san gobe ba. Amma kibiyar azlam tun farko don duba aka yi ta, wannan kuma don wasa aka yi shi, a nan ne nake ganin bambanci. Kuma akwai abin da zai ba ku mamaki, karta gaba ɗaya ta hannun Musulmi ta shiga Turai wajen shekarun 1370, daga Masar zamanin mulkin Mamluk. Akwai tsohuwar kartarsu a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, iri huɗu ce, kofi da takobi da tsabar kuɗi da sandar wasan folo, manyan katunan ana ce musu malik da na'ib. Waɗannan huɗun su ne har yau a cikin tarot, kati 56 daga cikin 78, sandar folon ce kawai Turawa suka mayar kulki don ba su san wasan ba. Sauran 22 ɗin masu hotuna su Italiyawa suka ƙara.

Bappa Sani: To madalla, su Mamluk ɗin akwai hoton mutum a tasu?

Faruk: Babu Bappa, ado ne kawai da rubutun Larabci.

Bappa Sani: Ka ga ka amsa wa kanka rabin maganar. Goggonka ta turo min hoton wasu, akwai mata tsirara, akwai wanda aka zana Mala'ika yana busa ƙaho matattu na tashi daga kabari, akwai Shaiɗan a zaune da mutane ɗaure da sarƙa. Ko da babu duba a ciki, wa ya ga Mala'ika da zai zana shi? Kuma a ɗakin da kake sallah.

Adda Zainab: Bappa a ba ni dama na ɗan sa baki. Ni damuwata ba kwalin da ke durowa ba ce, damuwata yaranmu mata ne, ina koyarwa ina ganinsu. Abin da ya sa suke cewa wallahi matar nan ta faɗi daidai ba aljani ba ne ba komai, dabara ce da aka daɗe da ganowa. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ce zai ba kowa bayanin halinsa shi kaɗai, sai ya raba musu takarda iri ɗaya sak ba su sani ba, maganganu irin kana so mutane su so ka, kana yawan zargin kanka. Ya ce su ba shi maki daga 0 zuwa 5, matsakaicin abin da suka bayar ya kai kusan 4.3, kowa na ganin da shi ake. Haka mai katin take yi, ta ce akwai wanda kike tunani kullum, akwai wata kusa da ke da ba ta son ci gabanki, wace budurwa ce ba ta da waɗannan biyun? Sai yarinya ta tashi ta fara zargin aminiyarta ko 'yar ɗakinsu a hostel. Irin abin da masu bugun ƙasa suka daɗe suna yi wa iyayenmu mata ne a kan kishiya, an dai sa masa kyandir da Turanci ne kawai. Ni na san gidan da aure ya mutu a kan an ce, kuma babu abin da aka gani da ido.

Faruk: Adda ai maganata kike ƙarfafawa, katin ba shi da wani ƙarfi, takarda ce da tawada. Wanda Goggo ta gani a buɗe ma a Landan aka buga shi a 1909, wata mata Pamela Colman Smith ce ta zana duka 78 ɗin, ta yi ƙuruciyarta a Jamaika. Ku kalli yadda take aiki da launi huɗu ko biyar kawai, baƙin layi mai kauri, rawaya a baya, ko daga nesa ka gane me hoton yake faɗa, wallahi abin da na koya a nan ya fi wanda na koya a kwas ɗin da na biya kuɗi. Na Marseille kuma, wani birni ne a Faransa, a kan katako ake sassaƙa zanen a buga, shi ya koya min yadda zan cika fili ba tare da cunkoso ba. Mutum ya tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki ba a ce komai ba.

Adda Zainab: Na 1909 ɗin fa wa ya sa ta zana, kuma don me? Faɗi gaskiya ƙanina.

Faruk: Wani Arthur Waite ne, ɗan ƙungiyar masu tsibbu ne na Turawa. Eh wannan kam don duba aka yi shi, ba zan musa ba. Har ƙaramin littafin fassara yana zuwa a cikin kwalin.

Hamma Bello: To hujjar karta ce ta wasa ta faɗi a kan wannan kwalin ke nan.

Hauwa: Dan Allah ku yi haƙuri na yi ta rubutawa ina gogewa. Hamma Faruk kar ka ji haushina amma tunda Bappa ya kawo maganar kwana 40 jikina ya yi sanyi. Watan jiya kafin jarrabawarmu na zo ɗakinka na ga katin, na ce ka zaro min ɗaya mu ga ko zan ci, ka ce ba ka yi, na nace, ka yi dariya ka zaro, ya fito hasumiya tana cin wuta mutane na faɗowa. Ka ce wasa ne kar na damu. Wallahi daren nan ban yi barci ba, na shiga jarrabawar hannuna na rawa, na koma hostel a Kashere na dinga kallon bidiyon masu duban nan ina neman wanda zai ce min ba haka ba ne. Ban gaya wa kowa ba sai yau. Bappa ya sallata?

Goggo Asabe: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bappa Sani: Hauwa 'yata ki kwantar da hankalinki, ki yi istigfari ki daina kallon bidiyon nan gaba ɗaya, ki ci gaba da sallarki kar ki bari ko ɗaya, ƙofar tuba a buɗe take. In abu ya shige miki duhu ga istihara nan raka'a biyu da addu'a, ba kya buƙatar kowa a tsakani. Zan kira ki bayan isha'i.

Faruk: Hauwa ki yafe min. An yi haka, ba zan ce ba a yi ba, kuma ban san ya kai ki nan ba, da na sani ko kwalin ba zan bari ki gani ba. Ni a raina wasa ne shi ya sa ko tunawa ban yi ba da nake ta jayayya tun ɗazu. Astagfirullah. Har yanzu ina kan cewa tarihin da na faɗa gaskiya ne kuma ba don duba na saya ba, amma hannuna ne ya zaro katin nan ba na wani ba.

Hamma Bello: Abin da nake jiye maka ke nan tun farko. Kai ka san Milan, mai shigowa ɗakinka bai sani ba. Ka ƙona su duka kawai.

Faruk: Hamma na 1909 ɗin da ɗayan mai littafin fassara na yarda su tafi, yau ɗin nan. Amma akwai na wasan Faransa, hotunan kasuwa ne da gona da masu rawa, lamba ce a jiki kamar whot, ko ƙwarangwal babu, wannan ban ga dalilin ƙona shi ba. Sauran biyun tsofaffin zane ne, na Marseille da kwafin na gidan Visconti masu sarautar Milan a da, su ne nake koyon aiki da su.

Adda Zainab: Su ma biyun ai akwai Mutuwa da ratayayyen a ciki ko? In zanen kake so ka ɗauki hoton wanda za ka koya a kwamfutarka, kati ba ya zaruwa daga kwamfuta.

Faruk: Akwai. Adda riƙewa a hannu daban ne, kaurin takardar da yadda tawadar ta zauna ba ya fitowa a hoto, kuma kusan shekara huɗu ina tara su, wani sai da na jira wata biyu kafin ya iso. Ku ba ni zuwa Juma'a.

Bappa Sani: Ka kawo su duka biyar gidana a Pantami bayan an sauko masallaci, mu buɗe ɗaya bayan ɗaya ni da kai da Bello. Ka taho min da hoton ta Mamluk ɗin ma ina so na ga rubutun da ke jiki. Kafin nan ka fitar da su daga ɗakin, kuma ka kira Hauwa da bakinka ba a guruf ba.

Faruk: To Bappa, yanzu zan kira ta.